Cin-cin ɗin Sallah a Makarantar 'Yan Matan Yahudawa

Na fara koyarwa a makarantar ne a shekarar da 'yata ta tafi jami'a can wajen Chicago. Ba a daɗe da rasuwar mahaifinta ba, don haka da na raka ta na dawo sai na tarar gidanmu na Takoma Park, a nan Amurka, ya yi mini girma, duk da ɗaki biyu ne da falo. Ina neman abin da zai fitar da ni tun da safe. Wata ƙawata 'yar Jos, nas ce, ita ta ce mini wata sakandare ta 'yan mata tana neman mai koyar da kemistiri. Sai da na ce zan gwada sannan ta ƙara da cewa, "Amma fa ta Yahudawa ce, masu riƙon addini sosai."

Da na gaya wa yayana da ke Zariya ta waya, sai ya ce, "To, Allah ya tsare. Ki dai riƙe sallarki."

Ban san me na zaci zan gani ba. Abin da na tarar dai 'yan mata ne cike da farfajiya, dogon siket da riga mai dogon hannu, suna ta surutu kamar na ko'ina. Malaman da ke da aure duk kansu a rufe, wasu da ɗankwali, wasu da hular gashi. A makarantar gwamnatin da na taɓa koyarwa mayafina ake fara kallo kafin fuskata. A nan ba wadda ta damu da shi. Shugabar makarantar da kanta ta tambaye ni ko ina bukatar wurin sallar azahar, ta ba ni makullin wani ɗan sito kusa da ɗakin gwaje-gwaje.

Makaranta ce da ba ta rabo da hidima. Da safe sukan taru su yi addu'a, kowacce da ɗan littafinta, suna fuskantar bango ɗaya suna ɗan rausaya. Idan sabon wata ya kama, sai a ture tebura a zaure, a ci kek, a yi da'ira ana rawa. Idan yayar wata aka yi wa baiko, ajin gaba ɗaya zai kaure da waƙa, sai na tsaya riƙe da alli ina jira su gama. Da yamma kuma rukuni-rukuni suke fita, waɗannan gidan tsofaffi, waɗancan gidan mai jego su taya ta da yara. Kowa ya san kowa. Malama za ta dubi yarinya ta ce, "Yaya ƙafar kakarki?" Abin yakan tuna mini unguwarmu a cikin birnin Zariya, inda ba ka isa ka yi mura ba a sani ba. Sai dai a can ina cikin da'irar. A nan bakin ƙofar zaure nake tsayawa ina tafi. Ba wadda ta hana ni shiga, amma ban san waƙoƙin ba, ban san kakar kowa ba.

Juma'a ta fi kowace rana nauyi. Da wuri ake tashi, saboda daga faɗuwar rana Shabat ɗinsu ya shiga, ranar hutu da ibada, ba tuƙi ba waya har daren Asabar. Kowa sauri yake yi, akwai tukunya a wuta, akwai baƙin da za su zo cin abinci. Kafin in gama wanke kwalaben gwaji makarantar ta yi tsit. Sai in tuƙa mota in koma gida, in kunna rediyo don kawai in ji muryar mutum.

Ban fi wata guda da farawa ba Babbar Sallah ta zo, ranar aiki. Mu a gidanmu ba a Sallah a ci abu a ɓoye. Tun ina ƙarama ni ake aika da kwano gida-gida. Don haka tun ana jajibiri na kwaɓa cin-cin da madara da bota yadda mahaifiyata take yi, na soya na cika babbar roba. Da safe na je Idi a wani zauren da ake haya a Gaithersburg, muka gaisa da 'yan uwa, kowa na duba agogo. Daga can na wuce makaranta da leshina. Na ajiye robar a tsakiyar teburin ɗakin malamai, na buɗe murfin, na ce yau Sallarmu ce, kowa ya ɗiba.

Suka yi ta yi mini barka. Aka yaba leshin, aka yaba ƙamshin, wata ta tambayi sunan abin har ta maimaita. Na tafi aji raina fari. Da na dawo lokacin abincin rana robar tana nan yadda na bar ta. Na ce ƙila kunya suke ji, na ɗibi kaɗan na ci a gabansu. Da aka tashi na sake leƙawa. Ko ƙwaya ba a taɓa ba, sai dai wata ta mayar da murfin ta rufe da kyau.

Ina tsaye ina kallon robar sai wata dattijuwa ta shigo. Ita ke koyar da littafinsu na addini, ta girmi kowa a makarantar, gajeruwa ce mai tafiya da sanda. Ta ja kujera ta zauna, ta nuna mini wata.

"Zauna, 'yata. Ba wadda ta yi miki bayani, ko? Duk tsoro suke ji kar su ɓata miki rai, ga shi sun ɓata."

Na ce, "Babu alade a ciki. Babu giya. Mu ma ba ma ci."

"Na sani. Ba ke ba ce, tukunyarki ce."

Ta yi mini bayani a hankali. Su ba sa haɗa nama da madara, ko a tukunya, ko a cokali. Duk abin da za su ci sai an san inda aka sayo kayan da kuma kicin ɗin da aka dafa. Kosha suke kiran wannan ƙa'ida. Ta ce akwai 'yan uwanta na jini da ba ta iya cin abincin gidansu.

Na gane, na kuma yarda, don ni ma akwai teburin da nake zama in sha ruwa kawai. Amma ganewa ba ta hana ciwo ba. Na ɗauki robata na saka a kujerar gaba ta mota. A gida na ba maƙwabciyata 'yar Habasha rabi, sauran na yi ta ci da shayi har ya gundure ni.

Tun daga ranar dattijuwar ta riƙa zama kusa da ni lokacin abincin rana, ita da nata, ni da nawa. Na fara kiranta Goggo. Da na gaya mata ma'anar sai ta yi dariya ta ce ta karɓa.

Da sanyi ya shigo, wata rana ta tsayar da ni a baranda. Ta ce bikinsu na Hanuka ya matso, bikin kunna fitilu, kuma al'adarsu a lokacin a ci abin da aka soya da mai. Kowace shekara 'yan ajin ƙarshe ke shirya walimar makaranta, kullum kuma donot ne, wani soyayyen burodi mai zaƙi.

"Na gaji da donot," in ji ta. "Abin nan naki da na ji ƙamshinsa ban ci ba, za ki zo ki yi mana a kicin ɗinmu?"

"Ya halatta?"

"Na tambayi malaminmu. Kayanmu, tukunyarmu, ni kuma in kunna wutar. Sauran aikin naki ne."

Na rubuta mata abin da za a sayo. Ranar da aka sa, bayan darasin safe, na shiga kicin ɗin makaranta a karon farko. Ɓangare biyu ne, na nama da na madara, kowanne da tukwanensa da wurin wanke-wankensa. Muka tsaya a na madara. 'Yan mata sun cika wurin sun naɗe hannun riga. Na miƙa hannu zan fasa ƙwai cikin fulawa, sai wata doguwa, wadda ta fi kowa ba ni wahala a aji, ta ce, "Malama, tsaya!" Ta kawo kofin gilashi. Kowane ƙwai sai ta fasa shi a ciki, ta ɗaga ta duba ƙasansa ko akwai ɗigon jini, sannan ta juye mini. Ban taɓa ganinta ta yi wani abu da natsuwa haka ba.

Na kwaɓa, na nuna musu yadda ake murzawa da yadda ake yankawa ƙanana. Nasu ya fito wani kamar ɗan yatsa, wani kamar ƙwayar masara. Goggo ta dogara sandarta ta zo ta murɗa gas, wuta ta kama, ta ja da baya ta ce, "To, na gama nawa." Da na zuba kaskon farko mai ya ɗauki ƙara, 'yan matan suka yi shewa irin tasu suka fara waƙa suna buga tebur.

Can wata ta ce, "Malama, ku me kuke rerawa in kuna wannan aikin?"

Na ce akwai waƙoƙin da muke yi a dandali muna 'yan mata. Suka nace. Na buɗe baki na fara wata, na yi baiti na farko, na tsaya inda ake amshi. Ba mai amsawa. Suna kallona da murmushi suna jira in ci gaba, ni kuwa waƙar ba ta tafiya da mutum ɗaya. Na ce na manta sauran. Na juya ina juya cin-cin, na bar hayaƙin mai ya ɗauki laifin idona.

An ci kuwa. Tire bai kai tebur ba aka cinye na farko da zafinsa. Shugabar makaranta ta zo ta cika aljihun rigarta. Goggo ta zauna a gefe da ɗan kofi tana tauna a hankali saboda haƙori. Na zo na zauna kusa da ita.

Ta ce, "In kin koma gida, da wa kike cin abinci?"

"Ni kaɗai."

"A zaune ko a tsaye?"

Na dube ta. Na ce, "A tsaye. Gaban wurin wanke-wanke."

"Ni ma," in ji ta. "Tun da mijina ya rasu. Ranar Shabat ana rububin gayyatata, wannan gida yau, wancan gobe. Ranar Talata kuwa ba mai tunawa."

Ban taɓa zaton akwai mai kaɗaici a cikin mutanen nan ba. Muka ci gaba da kallon 'yan matan suna rawa.

Tun rana ba ta faɗi ba aka watse, don kowa na son ya isa gida a kunna fitilu tare da iyali. Kowace yarinya ta ƙulla nata a leda za ta kai wa mahaifiyarta. Na bi ta cikin unguwarsu a hankali. Kusan kowace taga akwai kyandirori a jere, a bayansu kawunan yara. Da na tsaya a danja na kira 'yata, na ce mata yau na soya cin-cin da ɗalibaina. Da Hausa na yi mata, ta amsa da Turanci kamar kullum, ta ce abin ya yi kyau, tana da jarrabawa, za ta kira ni. Kayana duk ƙaurin mai. Ban cire su da wuri ba.

A ƙarshen shekarar Goggo ta yi ritaya. Ƙafar ta matsa mata, ɗanta da ke New Jersey ya ce ta koma wurinsa. Aka yi mata taro a zaure, tsofaffin ɗalibanta suka zo da jariransu, layin masu sallama har waje. Na tsaya daga baya. Da ta hango ni sai ta ɗaga sanda ta yafito ni, ta riƙe hannuna da nata biyu ta ce, "Ki riƙa zama, kin ji? Ki ja kujera."

Mun yi waya a farkon tafiyarta. Kunnenta ya yi nauyi, gidan kuma cike da jikoki, sai mu yi ta ɗaga murya muna tambayar lafiyar juna, ba ma wuce nan. A hankali kiran ya ja baya. Kujerarta a ɗakin malamai wata matashiya ce ta gaje ta, mai kirki, tana gaishe ni kullum, amma lokacin abinci waya take yi da mai rainon ɗanta.

Har yanzu ina koyarwa a can. Wani lokaci in an tashi nakan bi ta layin da Goggo ta zauna, ko da yake ba hanyata ba ce. Wasu ne a gidan yanzu. Sun sake fentin ƙofa, ga kekunan yara zube a kan ciyawa.