Hoton Baba a Kyamarar Roba

Baba bai taɓa yarda an ɗauke shi hoto da waya ba. Ko a wajen suna, da ya ga an ɗaga waya sai ya juya ƙeya. Cewa yake hoton waya yawo yake yi, yau yana ƙauyenmu Kurgu, gobe yana hannun wanda bai san ko hanyar garinku ba. Hotonsa ɗaya da muke da shi na jikin katin zaɓe ne, shi ma ya koɗe har ba a gane hanci da baki.

Da likita ya ce mu koma da shi gida ya huta, na gane abin da yake nufi. Ban yi kuka ba. Ban ji komai ba, gaskiya. Ina zuwa makarantar da nake koyarwa a Bagudo, in rubuta abu a allo, in goge, in hau babur in nufi ƙauye. Wata la'asar ina zaune kusa da tabarmarsa sai na ji bakina ya roƙe shi hoto.

Ya daɗe yana kallon rufin ɗaki. "In dai irin na da, wanda akan wanke a aje cikin gida, ɗauka. Amma ban da wagga waya taku."

Nan na samu abin yi, na kuwa riƙe shi da hannu biyu, don ya fi mini zama in kalli ƙafafunsa da suka kumbura.

Kyamarar fim yanzu sai an tona. Wani abokina a Legas ya ce har yau ana yin sababbi, na roba, marasa nauyi, zai iya ba direban motar albasa ya kawo mini har da fim. Wani kuma ya ce in je Tsamiya, bakin iyaka, akwai mai gwanjo da ke hauro da tarkacen Turawa daga Benin. Ranar kasuwa na je. Tsakanin tsofaffin agogo da dutsen guga ya zaro mini ita: baƙa, ta ƙarfe, da nauyi kamar ƙaramin turmi, igiyarta ta ci dattin wuyan wani.

"Wagga ta hi ka shekaru, Malam, kuma sai ta ga jikokinka," in ji shi.

Na ce ya buɗe bayanta in ga ciki. Ya danna nan, ya ja can, ya yi gumi, ya kira maƙwabcinsa mai gyaran rediyo. Da ƙyar suka gano sai an ja wani ƙulli sama kafin murfin ya saki. Na ce a raina, abin da mai shi ma bai iya buɗewa ba ina ni ina shi? Ga shi ba wanda zai rantse mini tana aiki sai an wanke fim, kuma Baba ba shi da lokacin gwaji. Sannan abin da ban faɗa wa mai gwanjo ba: na tabbata mai ita ya mutu ne 'ya'yansa suka zubar da kayansa. Ban so in nuna wa Baba idon kyamarar mamaci ba.

Na kira abokina. Ya ce sabuwar ba ta da wata wahala, ka leƙa, ka danna, ka murɗa. Murfin ma da ɗan yatsa ake ture shi. Na ce ya aiko.

Ta iso Baba na da rai. Muka fito da shi gindin darbejiya da hantsi. Goggo, ƙanwarsa, wadda ta tare a gidan tun da ya kwanta, ita ta naɗa masa rawani, ta gyara masa wuyan riga, tana masa tsiya wai ango. Ya sa aka kawo masa sandarsa ta kiwo ya dogara. Na ɗauke shi shi kaɗai, na ɗauke shi da Goggo, na ɗauke shi yana dariya lokacin da akuya ta shigo tsakani. Ta cikin ɗan ramin nan na roba da ake leƙawa na fi ganinsa sosai fiye da duk watannin jinyar.

Fim bai ƙare ba, kuma sai ya ƙare ake naɗe shi a aika Legas wanki. Na rataye kyamarar a ƙusa a ɗakinsa, da niyyar in ƙara wasu ranar Juma'a in 'yan'uwana sun zo. Ranar Juma'ar muka binne shi.

Kwanakin zaman makoki na wuce su kamar mai jin magana daga cikin ruwa. Ana ta'aziyya, ina amsawa. Ana kawo abinci, ina ci. Ranar addu'ar bakwai, bayan mutane sun ragu, aka ce Goggo na kirana a cikin gida.

Na same ta a tsakar gida, rana tsaka, mata zagaye da ita. Kyamarar na kan cinyarta a buɗe. Ta zaro fim ɗin gaba ɗaya, ta ɗaga shi sama da hannu biyu tana bin sa da ido a hasken rana. Haka ake yi a zamaninsu: mai hoto ya haɗo maka hotonka da baƙin fim ɗinsa, ka ɗaga a rana ka ga mutane da fararen fuskoki. Ba wanda ya taɓa gaya mata cewa wancan an riga an wanke shi, wanda ba a wanke ba kuwa haske na taɓa shi ya ƙone.

"Matan ga sunka ce suna son ganin shi," in ji ta. "Na duba tun daga hwarko har ƙarshe. Ɗana, babu kowa ciki."

Na karɓi fim ɗin. Ya yi ɗumi. Na tsaya ina jiran fushi ya zo, ko kuka, ko wani abu. Ba abin da ya zo. Idonta kawai nake kallo, ya yi ja, ya kumbura, ga shi tana tausaya mini.

"Sun cuce ka da abin roba," ta ce, ta kama hannuna. "Kayan yanzu ba su da albarka. Da ka sani ka sawo ta ƙarhen nan da ka ce ka gani Tsamiya."

Na naɗe fim ɗin a yatsana na sa a aljihu.

"Haka ne, Goggo," na ce. "Da ita ya kamata in saya."