Sa Hannun Baba Isiyaku

Ina cikin keke zan tafi aiki Sauka Kahuta ranar Alhamis, ɗan Baba Isiyaku ya kira ni ya ce mahaifinsa ya cika. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Shekara tara ina buga masa takardu a kamfaninmu na casar shinkafa. Shi ne sakataren kamfanin, shi kaɗai daraktoci suka ba ikon sa hannu a duk takardar da za a shigar wa hukuma. Mutum ne mai bin ƙwaƙƙwafi, har muna tsokanarsa cewa ko katin biki aka ba shi sai ya duba bayansa. Yakan ce min, "'Yata, wanda ya ce sa hannu kawai za ki yi, shi ne bai so ki karanta." Ya taɓa shiga mota har Paiko don ya ji daga bakin wani darakta cewa ya yarda a sauya adireshin ofis. Da muka yi masa dariya sai ya ce, "Sunana ne a ƙasa, ba naku ba."

Ranar sadakar uku, ba a ko naɗe tabarmi ba, Alhaji Tanko, ƙanin shugaban kamfanin, ya ja ni gefe ya miƙo min takarda. Wai Madam Rifkatu, wadda aka kafa kamfanin da ita, ta sauka daga darakta don kanta, shi ya maye gurbinta. Ga sa hannun marigayi, da kwanan watan Talatar da ta wuce.

"Ki shigar gobe. Baba ya gama komai kafin ya tafi."

Na ce, "Alhaji, ranar Talata ni na ba shi kunu da cokali a asibiti. Hannunsa na dama ya shanye."

Ya ce, "Ke dai aikinki bugawa ne."

Na kira Madam, ta ce yau ta fara jin zancen. Ban ga wanda ya riƙe biron ba, amma zuciyata ba ta kwanta ba, kuma raina ya ɓaci. Takardar tana jakata, ba zan shigar ba ko da a bakin aikina.

Allah Ya jiƙan Baba Isiyaku, Ya haskaka kabarinsa, Ya ba matarsa Hajiya da yara haƙuri. Allah Ya tsare sunansa daga masu rubuta shi yanzu da ba ya iya cewa a'a. Amin.