Ƙamshin Wuyan Rigar Baba

Babanmu direban kamiyo ne, babbar motar kaya, yana ɗaukar albasa daga Madawa zuwa bakin teku. In ya dawo daga tafiya nakan cusa fuskata a wuyan rigarsa in rufe ido. Akwai turaren wutar da Inna ke turara masa kaya da shi, akwai zufa, sannan can ƙasa akwai hayaƙin sigari, mai ɗaci-ɗaci kamar ƙanzon tuwo. A cikin ƙamshin nan nake ganin garuruwan da ban taɓa zuwa ba.

Da ya rasu aka ba da tufafinsa sadaka. Ƴan waɗanda suka rage Inna ta wanke, ƙamshin ya bi ruwan wanki.

Yayata ce ta kasa haƙura. Ita ta gaji hannun Inna wajen haɗa humra, har daga Buza mata ke aiko mata da kwalabe. Takan soya farcen turare, ta daka shi da sandal da gajiji, ta kwaɓa, ta shafe cikin ƙwarya da kwaɓin. Sai ta kife ƙwaryar a kan kasko, hayaƙin turare ya yi ta shiga har kwaɓin ya ƙoshi. Wata rana ta ce mini tana so ta mayar da Baba cikin kwalba, ko da guda ɗaya ce, mu riƙa buɗewa in kewa ta taso.

Ta fara barbaɗa garin taba a garwashi, sai ya ba da warin ciyawa. Ta ajiye karan sigari a kan wuta, ya yi ƙaurin takarda. Ta shinshina ta yamutsa fuska.

“Wanga ba shi na ba,” in ji ta. “Na Baba ta baki yake hitowa.”

Ranar kasuwa bayan azahar, Inna ta tafi barka, muka shiga madafa. Yaya ta kunna kara ɗaya, ta zuƙa, ta yi tari har hawaye suka zubo mata, muka yi ta dariya. Ta sake zuƙa, ta ɗaga gefen ƙwaryar ta hura hayaƙin a ciki a hankali, kamar mai yi wa jariri tofi.

Haka wanmu ya same ta. Tun rasuwar Baba shi ke riƙe da gidan, kuma ya ɗauki riƙon da zafi. Ya tsaya a ƙofar madafa, inuwarsa ta rufe mu.

“Ke! Mi nika gani haka?”

Kafin ta buɗe baki ya ɗauke ta da mari, sigarin ya yi tsalle ya faɗa cikin toka. Ya ja ta da kitso zuwa tsakar gida. Igiyar guga na rataye a jikin randa, ya fizge ta ya ninka biyu.

“Karuwanci za ki kawo muna gida? Tun ƙasa ba ta bushe bisa kabarin Baba ba? Wa ya koya miki?”

Na riƙe masa ƙafa ina ihu, “Babban Yaya, don Allah tsaya ka ji! Humra ta! Don Baba munka yi!”

“Kar ki kuskura ki sa sunan Baba cikin ƙazantarku!”

Ya shure ni, bayana ya bugi turmi. Igiyar na sauka a jikin Yaya, tana tashi da zanen jini a rigarta. Ba ta kare fuskarta ba. Rarrafe take yi tana komawa madafa, don ta ga ƙafarsa ta nufi ƙwaryar. Ta kwanta a kanta, ta rungume ta da ciki. Ya damƙi ƙeyarta ya buga fuskarta a kan dutsen murhu. Na ji ƙarar, wata ƴar ƙara kamar an karya kara. Sai da maƙwabciyarmu ta hauro katanga tana salati, ta shiga tsakani da taɓarya a hannu, sannan ya jefar da igiyar ya fita yana huci.

A asibiti Inna ta ce faɗuwa ta yi. Hancin ya warke a ɗan karkace, amma tun daga ranar Yaya ba ta ƙara jin ƙamshin komai ba, ko na daddawa a miya.

Ƙwaryar ta tsage amma kwaɓin bai zube ba. Da Yaya ta samu sauƙi ta kankare shi da cokali, ta zuba a kwalba, ta cika da turare, ta tura ƙarƙashin gado ya tsumu. Bayan damina ta fito da ita, ta rufe ƙofar ɗaki, ta buɗe murfin. Ta kai hancinta, ta ja numfashi mai tsawo, ta sake ja. Sannan ta miƙo mini.

“Ƙanwata, gaya mini gaskiya. Shi na?”

Na shinshina. Sandal ya fara zuwa, sai farce, sai wannan ɗacin ya taso daga ƙasa. Na zauna a bakin gado.

“Shi na, Yaya.”

Ta karɓi kwalbar, ta ɗiga kaɗan a wuyan rigarta, ta ce in matso. Na cusa fuskata a wurin, ita kuma ta ce in faɗa mata abin da nake ji, ɗaya bayan ɗaya, kada in tsallake ko guda.