Arvo Kangas, Mai Shigowa ta Ƙofar Ƙasa

Ranar Alhamis, sha huɗu ga watan Nuwamba, da hantsi, 'yarka Karin ta bugo mini waya ta ce an tsince ka kwance a ƙofar gidanka da ke nan garin Hancock, shebur a hannu, ko dusar ƙanƙarar farko ta bana ba ka gama kwashewa ba. Zuciya ce ta tsaya. Na ajiye wayar na daɗe a tsaye a kicin, don ban san da wane baki zan gaya wa yayanka Reino ba. Arvo, ni ce Lorraine, matar yayanka, wadda ka tsufa kana tsokana wai gahawarta ruwan ɗauraye kofi ce. Ban taɓa zaton ni zan rubuta ta'aziyyarka ba.

Duk garin nan an san ka da gyaran injin wanki, musamman tsofaffin nan masu murfi a sama. Ba ka kwance ko noti ɗaya sai ka saurara. Ka kunna, ka dafa murfi, ka lumshe ido kamar mai addu'a. In inji ya zubar da ruwa ya ƙi juyawa ya matse kaya, sai ka fara da makunnin murfi, wanda kake kira munafuki. In ana jin ƙauri, bel ne. In yana gurnani ruwa ya ƙi sauka, safa ce ta maƙale a famfo, sai ka zaro ta ka miƙa wa matar gida ka ce a nemo 'yar'uwarta. Tsofaffin matan cocinmu ba su taɓa kwana da jiƙaƙƙun kaya ba muddin motarka na tashi, kuma ladanka a wurinsu bai wuce yankan burodin nan mai zaƙi da muke kira nisu ba.

Amma gida ɗaya ne a garin nan da ba ka shiga ta ƙofar gaba, shi ne namu. Shekarun baya, lokacin da Reino yana aikin ɗakin inji a manyan jiragen ruwa na tafki, mahaifiyarku ta fara ɓata a hanya, ta bar girki a wuta ta fita. Kai kaɗai ne a kusa, ka kai ta gidan kula da tsofaffi. A can ta rasu kafin jirginsa ya dawo. Da ya dawo, Reino ya tsaya a bakin ƙofarmu ya ce kada ƙafarka ta sake taka ta. Kai ma da zuciyar gidanku, ka juya. Tun daga ranar ba ka sake ce masa Yaya ba, shi ma bai sake ambaton sunanka ba.

Injin wankin mahaifiyarku ne ya dawo hannunmu, muka sa shi a ɗakin da ke ƙarƙashin gida. Da ɓarin jikin Reino ya shanye, wankin zannuwan gado ya zama na kullum, injin kuma ya zaɓi wannan lokacin ya fara gardama. Ya wanke, ya zubar da ruwa, in aka zo matsewa sai ya yi ta juyi a hankali kamar mai ciwon baya. Na matse zani da hannu har fatar yatsuna ta tsage, sannan na kira ka. Ka zo, amma ta ƙaramar ƙofar ɗakin ƙasa da ke bayan gida. Ka ce mini, “Matar gida, ƙofar da aka hana ni tana gaba. Wannan ba a yi maganarta ba.”

Kujerar Reino tana daidai kan tagar ƙarfen nan da ke daɓen falo, inda iskar ɗumi ke hawowa daga ƙasa. Duk motsin da ka yi yana ji. Ranar nan ka canja bel, kana magana da inji da ƙarfi yadda ka saba, sai muka ji murya daga sama.

“Lorraine, gaya wa mai gyaran nan kuloci ne.”

“Gaya wa mutumin sama wannan ba jirgin ruwa ba ne,” in ji ka, ko ɗago kai ba ka yi ba.

Haka aka fara. Inji ya yi 'yan makonni lafiya, ya sake sanyin jiki, ka sake zuwa. Yau makunnin murfi, gobe sifirin, jibi ka ce ƙafarsa ce ba ta zauna daidai ba. Shi yana ihun kuloci daga sama, kai kana musu daga ƙasa, ni ina tsakiya da kwandon wanki kamar tafinta. A hankali aka daina sakawa ta bakina. Har labarin kamun kifi ya fara bi ta tagar nan. Ni na san kunne irin naka ya gane ciwon tun zuwan farko, na kuma san dalilin da ya sa ka ƙi taɓa shi: hujjar dawowa kake nema. Ban tona ka ba, don fatana ɗaya ne, ku shirya kafin Reino ya tafi. Dukanmu shi muke kallo, don shi ne marar lafiya.

Ranar Talatar makon da ka rasu ka zo da ƙaramin kwali. Ka kwantar da inji, ka sha fama, ka tayar. Ya ɗauki gudu lumui, ko girgiza babu. Ka goge hannu, ka tsaya a ƙarƙashin tagar, ka ɗaga kai.

“Yaya, gaskiyarka. Kuloci ne.”

Daga sama sai Reino ya ce, “Tun bara nake gaya maka, mai kunnen ƙashi. Lahadi za a yi gashin nama. Ka biyo ta gaba, ka kakkaɓe takalminka.”

Ka ce to, ka fita ta inda ka shigo.

Da na gaya masa rasuwarka bai yi kuka ba. Washegari na sa wanki, don zani ba ya jiran makoki. Ya saurara har injin ya gama matsewa ya tsaya, sannan ya ce, “Matakala ce kawai tsakaninmu, Lorraine. Me ya sa ban ce ya hawo a ranar ba?” Wannan nadamar ita ke cin mu, ni da shi.

Shi ya roƙi Karin alfarma ɗaya, ta kuwa yarda. Ranar Lahadi, kafin a wuce da kai coci, motar gawa ta tsaya a gidanmu. Na buɗe ƙofar gaba har bango. Abokanka suka shigo da kai a kafaɗa, kowannensu ya kakkaɓe takalminsa. Reino ya ɗora hannunsa mai lafiya a kan akwatin gawarka ya ce, “Sannu da zuwa, Arvo.”

Allah ya jiƙanka, ya yafe maka kurakuranka, ya saka maka da alherin da ka shuka a gidajen garin nan. Ya buɗe maka ƙofar rahamarsa ba tare da jira ba. Karin, ke da 'ya'yanki, Allah ya ba ku haƙurin wannan rashi. Ya kuma sanyaya zuciyar Reino, wanda har yanzu bai yarda a matsar da kujerarsa daga kan tagar nan ba.