Teburin Kaka da Ƙafar Zalɓe

Duk baƙon da ya ga teburin da ke ƙarƙashin rumfata sai ya tambayi wane kafinta ne ya yi wannan aika-aika. Nakan gyara zama in ce masa ya iya bakinsa, a gaban kafintan yake. Ni ba ƙaramin mai ilimi ba ne. Na yi firamare har aji shida, ajin shidan ma sau biyu na yi shi, don malamai sun kasa rabuwa da ni. A littafin Turanci na wannan ajin na fara ganin hoton mutane sun kewaye tebur suna cin abinci kamar masu zaman shari'a. Ashe hoton zai yi mini rana.

A shekarun tamanin ne, bayan ruwan dam ya ratsa ƙauyukanmu na tsakanin Kura da Bunkure, maza sun daina tafiya cin rani. Da rana kowa yana gona, masu alkama da masu tumatir da masu albasa. In an yi sallar isha'i kuwa, mu yara sai tsakar gida wurin Kaka Dije, mahaifiyar Baba. A hura wuta da karan dawa, ta baje a tabarma, mu kewaye akushinta mu ci tuwo tare, sannan tatsuniya ta biyo baya. Ni take kira maigida, irin wasan kaka da jika, kullum tana yi mini gorin cewa ta auri miji ba cefane, ba zanen sallah, sai cin loma kamar gara, wai in na yi wasa za ta nemi saki.

A wata shekara cikin sanyi, ta zame a bakin magudanar ruwa tana wanki, ƙugunta ya goce. Mai ɗori ya yi aikinsa, ta miƙe, amma zaman tabarma da sunkuyo suka gagare ta. Baba ya sayo mata doguwar kujera mai jingina a kasuwar Kura. To, ga ta a sama, ga akushi a ƙasa. In an ɗora mata a cinya ya zame, in an riƙe mata ta ce ita ba jaririya ba ce. Sai ta koma ci a ɗaki ita kaɗai, ta yi loma kaɗan ta ture. Muna gani zanenta ya fara yi mata yawa. Wutar tsakar gida ma aka daina hura ta, don mai tatsuniyar ba ta fitowa.

Nan ilimina ya motsa. Na tsaya gaban Baba na ce zan ƙera wa matata teburin cin abinci. Ya dube ni sama da ƙasa, ya ce Allah ya ba da sa'a, irin faɗin da ake yi wa mai shirin kama kifi a randa. Baffa Ilu, ƙanen Baba, shi ya taimake ni. Ya yi leburanci a wurin zuba kankaren magudanai, aka bar masa ragowar katakai, ya adana don yin ƙofa. Ya ba ni su yana cewa su ke nan, in na ɓata babu wasu, kuma ni zan tsaya masa a matsayin ƙofar.

Kayan aikina zarto ne na aro mai haƙora irin na Kaka, wani akwai wani babu, da gudumar Baba, da tsofaffin ƙusoshi da na miƙar a kan dutse. Simintin da ya manne wa katakan da fasasshiyar kwalba na kankare shi, har suka yi santsi. Na sa Kaka ta zauna a kujerarta, na auna daga ƙasa zuwa gwiwar hannunta da kara, na yanke ƙafafu huɗu daidai da wannan karan. Na haɗa su da 'yan sanduna ta ƙasa don kada su tale, na jera katakan saman na buga. Ƙusa ɗaya ga katako, guduma ɗaya ga babban yatsana, haka muka raba aikin cikin adalci.

Ranar gwaji aka kai shi ƙarƙashin rumfa, Inna ta kawo tuwo da miyar kuɓewa. Kaka tana ɗora hannu, tebur ya gyaɗa kai kamar mai amsa gaisuwa. Kwanon miya ya karkata, kuɓewa kuwa ba ta buƙatar a roƙe ta, ta kama hanya ta sauka a kan rigar Baffa Ilu. Gida ya ɗauki dariya, Kaka ta koma ɗaki ba ta ci komai ba. Baffa yana goge riga ya yanke hukunci cewa ƙafafu biyu sun fi tsawo, a rage su. Na san in na rage, tebur zai sauka ƙasa da gwiwar hannun Kaka, ita kuwa ba ta iya sunkuyawa, katako kuma ya ƙare. Amma babba ya yi magana, ga kunya tana cina. Na ɗauki gawayi na shata inda zarto zai bi, na ce sai da safe.

Bayan isha'i sai muka ji Kaka tana cewa a hura wuta a fito mata da kujera. Rabon da ta ce haka an daɗe. Muka kewaye ta, ni ina can gefe ina hura hanci.

"Ga ta nan tafe da sanda, ku matsa mata," in ji ta.

Muka ce ta zo, ga wuri.

Ta ce wai Zalɓe ne ya je zance wurin 'yar sarkin tsuntsaye. Ya sha ado, ya tsaya a gefen tudu yana ta fasaha, sai 'yan mata suka ga ya karkace gefe guda. Suka yi ta ƙyaƙyata dariya, wai ga saurayi ƙafa ɗaya ta fi ɗaya. Zalɓe ya tafi da baƙin ciki wurin Ungulu wanzami, ya ce a rage masa doguwar. Ungulu da ma yunwa yake ji, ya ce ai wannan aiki ne na yanzu-yanzu, ya hau wasa aska. Kaka ta kwaikwayi wasa askar a tafin hannunta har ƙananan cikinmu suka ɓoye ƙafafunsu. Ana cikin haka Kwaɗo ya leƙo daga rami, ya tambayi wa ya shaida cewa ƙafar ce mai laifi. Aka ce 'yan mata. Kwaɗo ya ce a garinsu ba a yanka sai an ji ta bakin ruwa. Ya cika baki da ruwa ya fesa a inda Zalɓe ya tsaya, ruwan ya gangara da gudu ya tafi abinsa.

Kaka ta kumbura kumatu ta yi muryar Kwaɗo: "Malam Zalɓe, ƙafarka lafiya lau take. Wurin tsayuwarka ne karkatacce."

Ta ce tun daga ranar Zalɓe ya koma tsayuwa cikin ruwa, kuma har gobe yana naɗe ƙafa ɗaya a ciki don kada Ungulu ya tuna. Ta rufe da cewa ƙurunƙus, kan kwaɗon na mai zarto ne. Ta kalle ni, ni kuwa na ɗauka zolayar da ta saba ce.

Mai ilimi irina ba ya gaggawar fahimta. Sai da safe, da Baba ya tasa ni gaba zuwa ban ruwan alkama kafin in taɓa zarto, na ga ya buɗe wa wani fili ruwa, ruwan ya tattaru a kusurwa ɗaya. Bai zagi alkamar ba, fartanya ya sa ya jawo ƙasa daga tudu zuwa kwari har ruwan ya kwanta ko'ina. Na yar da abin da ke hannuna na sheƙa gida. Na janye tebur, na tuttula ruwan buta a ƙarƙashin rumfa. Ruwan ko sallama bai yi mini ba, ya miƙe sai bakin kwata. Na ɗauko karan awona na gwada ƙafafun nan huɗu, kowace daidai.

Na kwaso jar ƙasa a kwando na cike kwarin, ina zubawa ina tambayar ruwa, har ya rasa inda za shi ya tsaya cak. Inna ta kira maƙwabta aka yi daɓe, suna yayyafa ruwan makuba, jiƙon ɓawon ɗorawa mai ƙarfafa daɓe, suna buga madaɓi, suna yi mini waƙar angon tsohuwa ya yi wa amarya fada. Da ya bushe na mayar da tebur, na ɗora faranti cike da ruwa a tsakiya. Ruwan ya taɓa bakin faranti ta kowane gefe, bai zuba ba. Na girgiza tebur, ya ƙi gaishe ni.

A daren na ce lallai kuɓewa za a sake yi, kuma Baffa Ilu ya zauna inda ya zauna. Ya zo da tsohuwar riga don tsaro. Kaka ta zauna, ta ɗora gwiwar hannu, mu jikoki muka kewaye ta a tsaye. Miya ta zauna a kwano kamar an yi mata faɗa. Kaka ta yi loma, ta ƙara, ta sake ƙarawa, har ta buge hannun ƙanena da ya kai wa yankinta hari. Da akushi ya yi fes ta ce wa Inna ko akwai saura a tukunya. Baba ya juya baya yana gyaran murya.

"Maigida," in ji Kaka tana suɗe yatsa, "yau dai ka ciyar da ni. Zancen saki na janye, saura zanen sallah."

Ta yi shekaru tana ci a kan teburin nan, tatsuniya kuma ta dawo gindinsa. Da na girma na ga Ungulu da yawa, kowane da askarsa a wase. Lokacin da ɗana na fari ya kasa karatu aka ce daƙiƙi ne kamar ubansa, a cire shi. Na ce ubansa dai na yarda, amma a bari in tambayi ruwa. Ashe allon ne ba ya gani daga bayan aji. Aka dawo da shi gaba, ya miƙe.

Yanzu gwiwoyina sun bi sawun ƙugun Kaka, ni ke zama a gurbinta. Jikata, wadda nake kira uwargida, kullum sai ta ce tebur ɗin ya tsufa, ya yi muni, a sayo na zamani. Nakan kama hannunta in nuna mata ƙafafu biyun nan. Shatin gawayin yana nan, don na bi shi da bakin ƙusa tun a lokacin, kuma har yau zarto bai bi ta kansa ba.