Rigar Sanyin da Na Aika wa Baba

Akwai wata ranar Talata da har in koma ga Ubangiji ba za ta fita daga raina ba. Lokacin shekarata uku a Dubai, ina aiki a wani sito a Jebel Ali inda ake ajiye fenti da sinadarai masu saurin kama wuta. Ranar da na fara aikin aka gargaɗe mu cewa ba a shiga da rigar nailan, domin in iska ta bushe tana yin ɗan tartsatsin nan da mutum ke ji idan ya cire riga. Ban taɓa karya dokar ba.

Mahaifina maharbi ne a wani ƙauye a kan duwatsun Filato. Bai cika sayen harsashi ba. Kwanson da ya harba yake tarawa, ya zauna a ɗakinsa ya sake cika su da albarushi. Da tsufa ya zo, sanyin Disamba ya fara sandarar masa da yatsu, kuma ba ya yarda a kawo kaskon wuta kusa da aikin. Ina jin haka na je kasuwar Deira na zaɓo masa rigar sanyi mai gashi-gashi, na ba wani ɗan kasuwar Kano ya tafi da ita. Nailan ce zalla. Ni da nake karanta gargaɗin kullum a ƙofar sito, ko sau ɗaya zuciyata ba ta haɗa abubuwan biyu ba.

Ranar Talatar nan muna cikin bas, za mu koma masaukinmu a Sonapur, sai ƙanwata ta kira. Ta ce, "Yaya, albarushi ya tashi da Baba. Yana da rai, amma fuskarsa da hannuwansa..." Sai ta kasa ƙarasawa. Na tambaye ta ko akwai wuta a ɗakin. Ta ce babu, shigarsa ke nan daga waje, ya goge hannu a jikin riga, ya miƙa shi wajen gwangwanin albarushi. Na ce wace riga? Ta ce, "Wadda ka aiko. Ai tun da ta zo bai cire ta ba."

Na nemi izinin tafiya gida, shugabanmu ya ce, "Inshallah, bayan wata biyu," ya juya ga takardunsa. Haka na ci gaba da loda kwantena, ina dawowa in kwanta a gadon sama in zuba wa rufi ido.

Sai bayan mako uku Baba ya iya magana. Idanu biyun duk sun tafi. Na kira shi a waya, na faɗa masa abin da na sani game da rigar, ina kuka. Sai ya ce, "Ɗana, ka san da haka, ba ka gaya mini ba?" Ba da faɗa ya faɗa ba, tambaya kawai ya yi. Muna kan layin kuɗin wayar ya ƙare.

Ya yi shekara biyu yana zaune a ƙofar gida, ana jan hannunsa zuwa coci, sannan ya rasu. Fasto ya ce babu mai tabbacin abin da ya tayar da wutar. Wataƙila gaskiyarsa ne, amma ni hakan bai rage mini komai ba.

Abin da na koya, a makare, shi ne sanin da mutum ya ɗauka na wurin aiki ne kawai, ya kasa kai shi gida, ba ya tsare kowa nasa. Magana ce ta minti ɗaya a waya, kuma ban yi ta ba.