Gobe Ni Ka Kashe Gwamna

Shekarun da kuɗin fetur suka shigo Sakkwato, mutane sun yi ta zubar da kaya kamar ba da guminsu suka saya ba. Wanda jiya yake goge garmahonsa yana lulluɓe shi da zane, yau ya sayo rediyo mai kaset, ya miƙa wa yara garmahon su yi mota da shi. Da idona na ga an rufe bakin tulu da faifan garmaho. Abin yana ƙona mini rai, domin kowane faifai da bakin mutum a cikinsa, kuma da yawansu sun riga mu gidan gaskiya.

Sai na shiga bin gidaje ina roƙo. A lokacin ni akawu ne, ina haya a Unguwar Rogo, ciki da falo. Kafin a jima falon ya cika da garmaho, da gwangwanayen allura, da faya-fayai jere a kwali, har baƙo sai ya karkace yake samun wurin zama. Abokan aiki suka raɗa mini Sarkin Juji. Ko a jikina, wai an tsikari kakkausa.

Cikin tarkacen nan duka, abu ɗaya ne raina yake kansa: wata babbar rikoda mai faifan zare, irin wadda zaren ke warwarowa daga wannan faifai yana naɗuwa a wancan. A gwanjon wani Bature da zai koma gida na saye ta, kuma da ita na ɗauki muryar yayana.

Mu mahauta ne, gidanmu yana Ƙofar Taramniya. Ni aka kai boko, shi kuwa ya gāji wuƙa da dambe. A wata kaka, jajibirin wani babban dambe, na kinkimi rikodar na kai gida, ya tsaya a tsakar gida da makaɗinsa na kalangu ya yi ta zuba kirari. Abokin karonsa wani ƙato ne daga wajen Zamfara, ana yi masa laƙabi da Gwamna, saboda ba ya fitowa fili sai jama'a sun gaji da jira. A dambe kuwa, idan ka kai mutum ƙasa ka kashe shi ke nan. Mamacin ya tashi ya kakkaɓe wandonsa, ku tafi ku ci tsire tare. Washegari yayana ya kashe Gwamna, aka ɗauko shi a kafaɗa har gida. Da shekara ta zagayo, motar shanun da ya bi zuwa Kudu ta kife da su, ya rasu. Bai taɓa yarda an ɗauke shi hoto ba, don haka zaren nan ne kaɗai abin da ya rage mana.

Ɗan fari ne, Inna ba ta kama sunansa, ba ta kuma yarda a ga tana kewarsa. In ta zo wurina sai ta gama faɗan ƙurar falo, sannan ta ce, "Kunna akwatin ga naka in ji ko shina aiki." In kunna, ta juya fuska ga bango. Kalangu na yin shiru in kashe, ta ɗauki mayafinta ta tafi.

Rikodar ta tsufa, kayan gyaranta sun daina zuwa kasuwa, kowa ya koma kaset. Mai riƙe mini ita maƙwabcina ne, wani Kirista daga wajen Jos da ke gyaran rediyo a bakin titinmu. Injiniya nake ce masa, shi kuma ya ce mini Malam. In bel ɗinta ya tsinke sai ya yanko tib ɗin keke ya yi mata wani, ya zauna yana ragewa yana gwadawa, don in ya cika ɗamewa yayana ya koma mace, in ya saki ya koma bajimi.

A shekarar da aka harbe shugaban ƙasa a Ikko, aka kuma kashe gwamnan wata jiha, gari ya cika da soja. Sun kafa shinge a mahaɗar titinmu, suna sauke mutane daga mota suna sa su tsallen kwaɗo a kan abin da bai kai ya kawo ba. Wata Asabar da hantsi Injiniya ya kawo sabon bel. Ana zafi, ƙofa a buɗe. Ya ɗaura zaren, ya murɗa ƙara har ƙarshe don ya ji ko saurin ya daidaita. Sai ga yayana ya cika unguwa:

"Ku shaida, Sakkwatawa! Gobe ni ka kashe Gwamna! Gaban jama'a nika kashe shi, kowa na kallo!"

Dariya muke yi, don bel ya zauna daidai. Ban ji takun sojojin ba. Abin da na sani kawai, gindin bindiga ya sauka a bakina, na ji haƙorana na gaba a kan harshena kamar tsakuwa. Na faɗa kan kwalin faya-fayai, suka farfashe a ƙarƙashina. Wani ya taka mini wuya da takalmi, wani yana zuba mini bulala a baya, tun ina jin zafinta har na koma jin ƙararta kawai. Injiniya ya ɗaga hannu yana cewa, "Oga, tsaya, Oga," aka kwashe masa ƙafafu ya zube, aka take hannunsa na dama a kan siminti.

Shugabansu wani hafsa ne, yaro, na girme shi. Ba ya jin Hausa sosai, amma ya san "kashe" ya san "Gwamna", kuma a lokacin wannan ya ishe shi. Tsoro ne fal cikinsa, kuma ban taɓa ganin abin da ya kai matsoraci mai bindiga mugunta ba. Da Turanci yake daka mini tsawa: ina sauran, wa nake aika wa saƙo da wannan na'ura, wane ne mai maganar? Na ce yayana ne. Ya ce ina yake. Na ce ya rasu. Ya ɗauka gatse nake masa, ya ɗauki hannun garmaho na ƙarfe ya buga mini a kunne. Kunnen nan na hagu bai sake jin komai ba har yau.

Suna neman makamai suna ragargaza kaya. Garmahon da na yi wata da watanni ina lallashin wata tsohuwa kafin ta ba ni, ƙafa ɗaya aka sa masa. Ni dai idona na kan rikodar, jini na shiga mini ido ina sharewa. A raina ina cewa su fasa komai, su bar mini zaren.

Cikinsu akwai wani kofur Bakano, tun shigowarsu bai daki kowa da zuciya ɗaya ba. Shi ya matsa ya ce, "Oga, wannan fa dambe ne. Ba ka ji kalangu ba?" Ya yi masa bayani da guntun Turancinsa, yana dunƙule hannu yana nunawa. Hafsan ya sa aka mayar da zaren baya. Ya saurara, kofur na fassara masa, har inda yayana ke cewa Gwamna ya sha hura da yawa, cikinsa zai fara nema. A bakin ƙofa jama'a sun taru, sai wani ya kasa daurewa ya tuntsire da dariya.

Dariyar nan ita ta cuce ni. Da ba a yi ta ba, ina jin da ya zage mu ya fita. Amma yaro ne, ga kurata a bayansa, ga unguwa na kallo, ya fasa wa mutum baki a kan ɗan damben da ya daɗe a kabari. Fuskarsa ta canza. Ya nannaɗe zaren zuwa farko da hannunsa, ya tambayi Injiniya wane maɓalli ne na ɗaukar murya. Injiniya ya san abin da ake nufi, ya ƙi nunawa. Aka sake ɗora takalmi a kan yatsunsa, aka murza, na ji ƙashi ya yi ƙara. Da yatsun nan yake ciyar da 'ya'yansa. Na miƙa hannu na nuna jan maɓallin.

Aka durƙusar da ni, aka kafa mini makirfo a baki. Ya ce in ce Allah ya ja zamanin Gwamna, ba mai kashe Gwamna. Na faɗa da fasasshen baki. Ya ce bai ji ba, aka mare ni, na sake. Ina faɗa ana mari, ina kallon faifan yana juyawa a hankali, kowane juyi yana shafe yayana yana ɗora ni. Na roƙe shi da Hausa, na roƙe shi da Turanci, na haɗa shi da iyayensa. Na tsani yaron nan a ranar, kuma ba zan yi ƙarya in ce tsanar ta bar ni ba. Da ya gaji ya fizge wayar daga bango, suka fita. Kofur ne na ƙarshe, bai iya kallona ba.

Injiniya ya yi wata biyu hannu a ɗaure, yatsa ɗaya bai sake lanƙwasuwa ba. Ni kuwa na rufe rikodar da zane, ban sake kusantar ta ba.

Inna ta yi jinyata a gida, ba ta tambayi komai ba. Sai da na koma Unguwar Rogo ta zo, ta dubi falon da ya zama fili, ta zauna a tabarma ta ce in kunna.

Na ce, "Inna, sun shahe shi. Babu komi ciki sai ni."

Ta ce, "Ni dai kunna."

Na kunna. Muryata ta fito tana kuka tana yi wa Gwamna addu'a, ga ƙarar mari. Na yi maza na tura zaren gaba, na saki, har yanzu ni ne. Na sake turawa. Saura ɗan kaɗan a faifan, sai muryata ta yanke, aka ji bugun kalangu biyu na ƙarshe, aka yi shiru. Daidai nan nake kashewa kullum. Wannan karon hannuna ya kasa tashi, zaren ya ci gaba da tafiya. Sai ga kaji na kuka a tsakar gidanmu, ga yayana yana haki, da muryarsa ta gida wadda ba ta kirari ba:

"Ta ɗauka? To kashe ta haka nan, yunwa nika ji. Inna! Inna, akwai hura?"

Inna ta juyo daga bango, ta dubi akwatin.

Ta ce, "Akwai."